Ki Ɗago Ido, Rifkatu

Levenshulme, Manchester

Zuwa ga 'yata Rifkatu, uwata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya a Selly Oak ta Birmingham, ke da 'yan matan da kuke faɗan firiji da su. Allah ya kiyaye ki a tsaye da zaune, ya raba ki da sharrin hanya da sharrin baki, na biyun ma ya fi yawa a danginmu. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama, shi kuwa a garin nan ba labari ba ne. Mamanki ba ta san ke nake rubuta wa ba. Ta leƙo ta gan ni da biro, ta ce, "Council kuma, 'yan ƙaramar hukuma?" Na ce mata eh. Allah ya gafarta mini.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ki karanta ta kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu, to haka nake so, don kada ki yi mini irin karatun nan naku na waya, ido ɗaya a kan magana ɗaya a kan tukunya. Takarda kuma na zaɓa domin kin san ni da waya. Ki yi ta bayani ina "eh, eh, madalla," sai ki ce, "Baba, I said the boiler's broken." Ashe tukunyar ɗumama gida kike cewa ta lalace. Amma ranar Asabar ɗin nan da kika kira, na ji abin da ya kamata in ji. Kin ce aikin da kika samu a Ostiraliya, na zagaya ƙauyukan Aborijin, 'yan asalin ƙasar, kina duba kunnuwan 'ya'yansu, kina tunanin rubuta musu ki ce kin fasa. Kin kawo maganar gwaggonki Lami da ta Dattijo Bulus na cocinmu. Sannan muryarki ta yi ƙasa, kika ce, "I can't even get you to wear yours, Baba. Ubana ma na kasa, ta yaya zan shawo kan baƙi?" Kina nufin na'urar ji da kika matsa aka auna mini bara, wadda na kwantar a durowa tare da tsofaffin caja. Abin mamaki, kunnen da bai taɓa jin "ka fitar da shara" ba, wannan ya ji shi tsaf.

Ga amsata tun daga farko, don kada ki wahala nemanta a ƙarshe: ki tafi. Ba ni da ikon tilasta miki, a ƙasar nan uba ba shi da iko ko a kan rimot ɗin talabijin. Abin da nake da shi kurakurai ne, na tara su da yawa, kuma tunda ba gona zan bar miki ba, ga gadonki tun ina raye.

Bari in fara kawar da masu surutu daga hanya. Kwanan baya, bayan an tashi sujada, gwaggonki ta tsare ni a bakin teburin shayi, masa a hannunta, ta ce, "Yaya, kana zaune za ka bar yarinya ta tafi ƙarshen duniya? Yaran Najeriya kunnuwan roba gare su? In taimako take so ta je gida mana." Dattijo Bulus ya gyara zaman babbar rigarsa ya ɗora nasa: "Malam Ishaya, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na ce, "Dattijo, a kan Stockport Road ta Manchester kake yi mini wannan karin maganar? Kai da rabonka da Billiri tun ana aika saƙo a kaset?" Ya ce nasa daban ne. Na kowa daban ne, uwata. Da ɗan gwaggonki ya tafi Kanada aikin kwamfuta, rawa aka yi a cocin nan, ba wanda ya tambaya ko kwamfutocin Najeriya sun gama warkewa. Sai da 'ya mace ta ce za ta je duba kunnen 'ya'yan mutanen karkara sannan kowa ya tuna da kishin ƙasa.

Duk da haka tambayar Lami ba ta banza ba ce, ko da an yi ta da baki cike da masa. Akwai yara a gida da kunnensu ke zubar da mugunya. Na sani, domin daga cikinsu na fito. Amma abin da za ki koya a can, wato aiki nesa da babban asibiti, a kan hanyar da ba kwalta, tare da iyaye mata da ba su yarda da mai farar riga ba, ba za ki koye shi a Bristol Road ta Birmingham ba, kuma shi gida ke buƙata in wata rana Allah ya kai ki. In ma bai kai ki ba, kunnen yaro ba shi da fasfo. Wannan ya ishe su.

Yanzu kuskurena na farko. Kunnena na hagu kin san shi fiye da ni, tunda kin leƙa cikinsa da 'yar fitilarki kika yi tsaki. A ƙauyenmu a ƙasar Zazzau, duk damina muna wanka a rafi, duk damina kunnena na ruwa. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan kwantar da kaina a cinyarta, ta fige gashin kaza ta bar 'yar gezar bakinsa, ta yi ta juya shi a ciki, sannan ta ɗiga man gyaɗa mai ɗumi. Ba zan yi miki ƙarya ba, har yau ban sami abin da ya kai wannan daɗi ba. Ƙudaje na raka ni makaranta, amma ba ni kaɗai suke rakawa ba, muna da yawa a ajin. Ba wanda ya kira abin ciwo. Abin yara ne kamar majina, in an girma zai bari. Ya kuwa bari, sai dai ya tafi da yawancin jin.

Ban ɗora wa kakata laifi ba, da abin da ta sani ta so ni. Laifina shi ne da na girma na gane, sai na mayar da abin dabara. A kwalejin horon malamai na koyi zama inda kunnen dama zai fuskanci mai koyarwa. Da nake neman mamanki kullum a damana nake sa ta, ita ta ɗauka girmamawa ce. Duk wanda ya cika ni da surutu in ajiye shi a hagu. Dattijo Bulus ya yi shekaru a haguna yana gaya wa mutane ni ne mai haƙurin cocin nan. Na yi alfahari da dabarar, har ina ganin na fi masu kunne biyu wayo, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ke wuce ni ta wancan gefen ba.

To ki riƙe wannan. Ciwon da ya fi wuyar magani shi ne wanda kowa ke da shi, domin an daina kiransa ciwo. Na karanta cewa a wasu ƙauyukan da za ki, ciwon kunne na kama yara tun suna goye, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, har yaro ya shiga makaranta yana jin malami kamar daga cikin rijiya, a ce masa daƙiƙi ko mai kunnen ƙashi. In kika tarar uwa ba ta firgita da ruwan kunne ba, kada ki ɗauka ba ta damu da ɗanta ba. In kika tarar da wata kaka da nata irin gashin kazar, ki gaishe ta da kyau, ki tambayi lafiyar gida, kafin ki kai hannu ki karɓe shi. Sannan ki lura da yara masu wayo, su suka fi iya ɓoyewa. Yaron da ke saurin gyaɗa kai, yana satar kallon na kusa da shi ya yi abin da ya yi, ki sake duba shi. Irina ne.

Na biyu gajere ne, amma kunyarsa ta fi girmansa. Kafin mu zo ƙasar nan na koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Kaduna. Ostiraliya ina iya zana ta a allo ido a rufe. Na koya wa yara tumakinta da ulunta da alkamarta da dabbar nan mai goyo a aljihu. Tsakiyar taswirar kuwa sai in goga alli in ce, "Nan hamada ce, babu kowa." Babu kowa! Mutanen da suka riga kowa zama a wurin, da harsunansu barkatai, na share su da hannun riga, ni baƙar fata, ɗan ƙasar da wasu suka taɓa zana taswirarta ba su tambaye mu ba. Sai a nan, a laburaren da nake aiki, ina jera littattafai ina satar karantawa, na gano ɓarnar da na yi wa 'ya'yan mutane. Don haka duk abin da zan gaya miki game da mutanen nan, ki tankaɗe ki rairaye. Wanda ya yi kuskure da alli zai iya yi da biro. Gani ya kori ji, ji kuma ya kori karatun babanki.

Na uku shi ne dalilin takardar nan. Ke kin san ƙarshensa, amma kina ƙarama, ba ki san yadda ya kasance daga wajena ba.

Kina farkon firamare. A gidan da na tashi, in babba ya kira yaro, kafin sunan ya gama fita daga baki an ce "Na'am." In ana yi wa yaro faɗa, kansa a ƙasa, idonsa a kan yatsun ƙafarsa. Da haka aka rene ni, kuma na shigo ƙasar nan da rantsuwa cewa Turawa za su iya raba ni da rana da tuwon dawa, amma ba za su raba ni da tarbiyyar 'yata ba. To sai in tsaya a gindin matakala in ƙwala kira, "Rifkatu!" Shiru. In sake. Shiru. In hau in same ki kina wasa da 'yar tsanarki hankali kwance. Na ce shi ke nan, abin da ake faɗa a kan 'ya'yan Ingila ya iso gidana.

In na fara faɗa kuma sai ki ƙura mini ido, ƙiri-ƙiri, ko ƙiftawa babu. Raina ya ɓaci.

"Wa kike kallo? Ni sa'anki ne? Sunkuyar da kai!"

Ki sunkuyar. In yi ta zuba wa'azi a kan kitsonki, da karin magana da aya, in gama in ce, "Kin ji?" Shiru. "Kin ji ko ba ki ji ba?" Ki ɗago a tsorace ki dubi fuskata, in daka tsawa, "Na ce ki sunkuya!" Daga baya kika samo dabara, domin 'yata ce ke: in kika ga ƙafafuna sun daina kai da kawo, sai ki gyaɗa kai. Ni kuwa na je coci ina bugun ƙirji, 'yata ba ta kallon babba a ido, a zo a koyi reno a gidana.

Mamanki ce ta fasa ƙwan. Wata ranar Asabar tana tuƙa tuwo, ina tsakiyar wa'azina a ƙofar kicin, ta jingine muciya ta ce, "Baban Rifkatu, yarinyar nan ba idonka take kallo ba. Bakinka take kallo."

Na ce, "Wane irin zance ne wannan?"

Ta ce, "Ni in zan yi mata magana sai na kama haɓarta na juyo da ita. Kai da kake kallon bakin fasto daga farkon wa'azi har ƙarshe, kai ne ba ka gane ba?"

Na ɗauki rigar sanyi na fita, na yi ta tafiya a Stockport Road, na wuce shagunan da na sani har na shiga waɗanda ban sani ba. Ƙofa ɗaya ta rage miki da magana ke shiga, ni kuwa na tsaya a kanta na rufe da sunan ladabi. Kuma a duk faɗin Manchester babu mutumin da ya fi ni cancantar ganewa.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Muka je wurin GP, likitan unguwa, ya tura mu asibiti can wajen Oxford Road, aka ce ruwa mai kauri ne ya taru a bayan dodon kunnenki, duka biyun. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta riƙa yi mini magana da ƙarfi, kalma ɗaya ɗaya, kamar mai koya wa aku. "Does anyone smoke at home? Is there damp?" Ta tambayi mu nawa ke kwana a ɗaki. Ta tambayi me ya sa muka daɗe ba mu kawo ki ba. Wannan ta ƙarshen ce ta soke ni, domin na san amsar. Na fito ina huci, na ce wa mamanki ba za mu sake taka wurin nan ba, sun ɗauke mu jahilai, ni da na koyar da ubanninta (a raina) labarin ƙasa. Sai bayan shekaru ya faɗo mini cewa ƙila yarinyar ta lura ne ni ma ba na ji, shi ya sa ta ɗaga murya. Maganar damshi ma gaskiyarta ce, bangon ɗakinki ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ranar komawa ta zo ta wuce. Na ce za mu sa abin a addu'a. Hunturu guda kika ƙara a cikin rijiya saboda girman kan babanki, har mamanki ta gaji, ta kama hannunki ta kai ki ba ta nemi izinina ba. Aka sa miki 'yan ƙananan bututun nan masu buɗe dodon kunne. Ranar da muke dawowa da ke a bas, kika toshe kunnuwa da hannu biyu kika ce, "Daddy, why is the bus shouting?" Mamanki ta yi dariya har da hawaye. Ni taga na kalla har muka sauka.

Da kika gama sakandare kika ce ilimin ji za ki karanta a jami'a, mutane suka yi ta tambayata ina kika samo wannan. Na ce musu ban sani ba.

Ga abin da nake so ki ɗauka. Na karanta, kuma na ce ki rairaye, cewa a wurin da yawa daga cikin mutanen nan ma ƙura wa babba ido ba ladabi ba ne. In haka ne, za ki haɗu da yaron da ya maƙale inda kika maƙale: sai ya kalli baki zai ji, tarbiyya kuma ta ce ya kau da kai. Cikin abokan aikinki, masu kirki da takardun shaida, wani zai rubuta cewa yaron ba ya ba da haɗin kai. Ke kin taɓa zama wannan yaron. Kada ki bari a rubuta. Kada kuma ki faɗa ɗaya ramin, ki ce wa mutane su zubar da ladabinsu don kayan aikinki su yi aiki. Ladabin bai yi laifi ba, ni ne na riƙe shi ido a rufe. Ki zauna ƙasa a gefen yaron, ki ba shi wani abu ku kalla tare, ki bar shi ya saci kallon bakinki ba tare da an kama shi ba. Ki tambayi uwarsa yadda take yi in tana so ya ji ta, kowace uwa tana da irin kamun haɓar mamanki. Amma kada ki shiga musu da "ai al'adarmu ɗaya." Ba ɗaya ba ce. Baƙo ko da ido makaho ne.

In uwa ba ta kawo ɗanta ranar da aka sa ba, ki tuna da ni kafin ki yanke mata hukunci. Ni tambaya ɗaya aka yi mini na yi yaji na hunturu guda. Su kuwa akwai waɗanda har yanzu suna raye da hukuma ta raba su da iyayensu suna ƙanana, da sunan taimako, da mota da murmushi. In irin wannan kaka ta ga baƙuwa da jaka tana cewa a kawo jikanta a duba, ta ɓoye shi, hankali ta yi. Baƙar fatarki ba za ta wanke ki ba, da kin buɗe baki za su ji Ingila. Suna da nasu ma'aikatan lafiya, 'ya'yan wurin, waɗanda suke can kafin ki zo kuma za su kasance bayan kin tafi. Ki bi bayansu. Ki ci abin da suka ba ki. In sun ce yau ba ranar aiki ba ce ana makoki, ki rufe jakarki ki zauna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan sunkuyawar ta mutanen gari ce. Manyanki na wurin aiki kuwa, su ki ɗago musu ido. In kika ga ciwon yana dawowa saboda mutane sun yi wa ɗaki yawa kuma famfo ba ya kawo ruwa, ki faɗa a taro, ko an ce ba fanninki ba ne. In tsarin shi ne a sauka, a leƙa kunne, a ɗauki hoto da yara, a tashi sai baɗi, ki tambaya wa zai dawo ya duba, ki sake tambaya har su gaji da ganinki. Kunne ba ya warkewa da hoto. Za su ce 'yar Birmingham ɗin nan ta cika baki. Ki gyara musu, ki ce 'yar Manchester ce, kuma gado ta yi.

Saura maganar na'ura. Ranar Litinin na buɗe durowar. Na kai ta inda ake gyara musu sauti, wani saurayi sa'anki ya saka mini, ya ce, "How's that, sir?" Na ce ya rage murya, ba kurma ba ne ni. Uwata, ashe haka duniya take da hayaniya? Firijinmu gurnani yake yi. Takalmin da nake zuwa coci da shi kuka yake yi, ba wanda ya taɓa gaya mini. Mamanki kuma ashe duk lokacin da na yi magana tana ba ni amsa ƙasa-ƙasa, shekara da shekaru, kuma abin haushin wasu amsoshin suna da ma'ana.

Ranar Lahadi na sa aka aske mini gefen kai don kowa ya gani, na sa ta na tafi coci. Dattijo Bulus ya zauna a haguna kamar kullum. Aka ɗaga waƙa. Rifkatu, mutumin nan ba ya bin kowa, waƙar ma ba ta bin sa. Na kai hannu zan cire na'urar, na tuna da ke, na daure.

Ana cikin sanarwa sai na ji muryar gwaggonki a bayana tana raɗa wa wata 'yar zumuntar mata: "Ai uban ma ba ya so. Kunya ce ta hana Farfesa Eh-Eh magana." Ashe sunana ke nan. Na juya na ce, "Lami, na ji." Ta buɗe baki ta manta yadda ake rufewa. Na ɗaga hannu na roƙi fasto ya ba ni dama, na miƙe na ce, "Jama'a, 'yata Rifkatu za ta Ostiraliya duba kunnuwan yara. Da yardata za ta, da albarkata. Mai addu'a ya yi mata. Mai magana kuma ya riƙa lura, domin daga yau ina ji." Na ƙwanƙwasa na'urar da yatsa don ƙarin bayani, ta yi wani ƙara har ni na razana. Aka yi dariya, aka ce amin. Mamanki ta rufe fuska da gyale, ban sani ba ko kuka take ko kunyata take ji. Da muka dawo gida ta fara ƙulla miki daddawa da kuka da yaji. Na gaya mata ba za su bar ki ki shiga ƙasarsu da su ba, ta ce su ma ai mutane ne, za su ji ƙamshi su tausaya.

To kin ce kin kasa da ubanki. Ba ki kasa ba. Kin shawo kan mutumin da ya fi kowa taurin kai a Levenshulme, sai dai ya ja ki shekara guda. Ki tuna da wannan a can, ranar da wata tsohuwa za ta juya miki baya. Ki tuna kuma ba takardun binciken da kika yi ta turo mini ne suka ci ni ba, waɗannan na karanta su na sami kuskuren rubutu a ciki. Abin da ya ci ni shi ne ranar da na ji abin yana yi miki ciwo.

Na riga na sanar a gaban Dattijo Bulus, in kika fasa ban san inda zan kai fuskata ba. Wasa nake yi. In kika fasa don ranki bai kwanta ba, ɗakinki na nan, an ma gyara bangon. Amma kada ki fasa don Lami, kada ki fasa don ni. Zan yi kewarki, ba sai na ɓoye ba. Birmingham ma da jirgin ƙasa ke kai ni kafin shayina ya huce, nisa nake gani. Amma gara in yi kewarki kina can kina aikin da aka halicce ki dominsa, da in riƙa ganinki duk Lahadi kina zaune inda aka ajiye ki. Ki riƙa kira. Yanzu in kin ce boiler, boiler zan ji.

Allah ya kai ki lafiya. Ya tsare jirgin sama da motar daji, ya kiyaye ki daga macizan da na karanta labarinsu ban gaya wa mamanki ba. Ya ba ki farin jini wurin tsofaffi, haƙuri wurin yara, da taurin kai wurin manya. Ya sa hannunki ya zama sanadin da wani yaro zai toshe kunne ya tambayi uwarsa me ya sa tsuntsaye ke ihu. Ya dawo mana da ke muna raye.

Abu ɗaya nake roƙo. Har yau in zan yi miki magana mai nauyi sai ki sunkuyar da kai, ke da digirinki. Ni na koya miki, na sani. Ranar da za mu raka ki filin jirgi, in na ɗora hannu a kanki zan sa miki albarka, kada ki kalli ƙasa. Ki ɗago ki dube ni, ido da baki duka. Ina so in tabbata wannan karon kin ji.

Babanki,
Ishaya